Kurakuran da masu sayar da kaya ta intanet ke yi a kakar Sallah a Zariya

Duk shekara, da azumi ya shiga goman ƙarshe, sai wayata ta cika da hotunan atamfa da leshi da shadda, kowa na shelar cewa kayan Sallah sun iso. Abin yana damuna, domin na san yawancin yadin nan zai kwana a hannun masu shi har bayan Idi. Wadda za ta sayi atamfa ranar 24 ga azumi, wane tela za ta kai wa? Telolin Tudun Wada da Sabon Gari da yawansu kan daina karɓar ɗinki tun tsakiyar wata, masu aikin hannu na babbar riga a cikin birni kuwa makonni suke ɗauka kan riga ɗaya. Idan yadi kike sayarwa, 'yar'uwa, tela ne ke yanka miki lokaci. Ki fara talla tun Sha'aban, ki matsa ƙaimi a goman farko. Goman ƙarshe na kayan da ba sa jiran allura ne: mayafi, abaya, takalmi, jaka, hula, ɗinkakkun kayan yara, turaren wuta da humra, sai odar cincin da dubulan.

Wani kuskuren da ke tafiya da wannan shi ne lissafi da watan Bature kaɗai. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, don haka Sallah na matsowa baya kowace shekara. An yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, ranar 10 ga Afrilu a 2024, sannan 30 ga Maris a 2025. Wadda ta ce "bara a wata kaza na saro kaya" ta riga ta makara da mako ɗaya da rabi. Akwai kuma batun albashi, wanda ya fi muhimmanci a gari irin namu. Zariya cike take da masu jiran ƙarshen wata: ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, na asibitin koyarwa a Shika, na Kwalejin Nuhu Bamalli, ga malaman makarantu. Ki ɗauki kalanda ki duba wane albashi ne na ƙarshe da zai faɗo kafin tela ya rufe, ki ajiye babban tallanki a wannan makon. Idan kwastomominki ɗalibai ne, ki tuna suna watsewa gida kafin Sallah, Samaru ta yi tsit.

Wasu kuma sun ari kalandar da ba tamu ba. Black Friday a Amurka ta samo asali, Juma'ar da ke bin bikin godiyarsu a Nuwamba, kuma manyan shaguna irin Jumia suna da ƙarfin karya farashi a lokacin. Mai jarin dubu ɗari biyu da ta bi sahunsu ribarta kawai za ta ƙone. Nuwamba a nan lokacin kaka ne da shigowar hunturu. Manomi ya sayar da masara da waken soya, ana haɗa lefe, ana neman bargo, rigunan sanyi na yara da man shafawa. Maƙwabtanmu Kirista a Wusasa da Sabon Gari suna shirin Kirsimeti, su ma telolinsu na rufewa tun farkon Disamba.

A cikin azumin ma, da yawa ba sa kula da sa'ar da suke sa talla. Daga La'asar zuwa Magariba uwargida na gaban murhu, maigida na wurin tafsiri, ba mai kallon hoton takalmi. An fi riƙe waya bayan sallar asham da kuma bayan sahur. Sannan a rage yawa. Hoto sittin a jere a status ɗin WhatsApp gajiyar da mutane yake yi, wasu su toshe ki ba tare da kin sani ba, ga shi bayan awa 24 duk sun ɓace. Hoto takwas ko goma da kika ɗauka da kanki a hasken rana, kowanne da kuɗinsa da yawan yadinsa a rubuce, sun fi. Cewa "a yi min magana don jin farashi" yana korar mai kunya, yana kuma sa a yi zargin kowa da kuɗin da ake faɗa masa.

Rangwamen ƙarya kuwa, wato a ɗaga kuɗi yau a ce an rage gobe, algus ne, kuma a watan azumi. Zariya ba ta da girman da zai ɓoye shi. Matan da ke saye a wurinki suna haɗuwa a gidan biki da Islamiyya, wata cikinsu ta shiga Kantin Kwari makon jiya ta ga farashi da idonta.

Inda na fi ganin ana ɓata suna shi ne alƙawarin kai kaya. Ni ma ya taɓa cina. Na karɓi kuɗin wata baiwar Allah a Kaduna ranar 28 ga azumi, na ce mata kayanta za su iso kafin Sallah, ina lissafin wata zai cika talatin. Washegari da daddare aka sanar da ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Direban da na ba saƙon ya ajiye mota ya tafi garinsu, kayan ba su isa ba sai kwana uku bayan Idi, kuma 'ya'yanta ne za su sa. Na mayar mata da kuɗin mota, na ba ta haƙuri, amma ba ta sake saye a wurina ba, kuma tana da gaskiya. Tun daga nan nake ɗaukar azumi a matsayin kwana 29, nake kuma rubuta ranar rufe oda ƙarara: na wajen gari 22 ga wata, na cikin gari 27. A cikin garin ma, ranakun Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe hanyoyin da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau na cika da dawaki da 'yan kallo, ɗan acaɓa ba zai ratsa da kayanki a kan lokaci ba. Kada ki karɓi kuɗin abin da bai shigo hannunki ba, kada kuma ki saki kaya don an turo miki hoton rasit. A jajibiri layin banki kan cushe, masu alat na bogi sun san haka. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna.

Babbar Sallah na zuwa bayan kimanin wata biyu da kwana goma, kuma kuskure ne a saro mata kaya daidai da na Ƙarama. Kuɗin maigida rago zai tafi, gidaje da yawa kayan da aka ɗinka a azumi za a maimaita. Abin da ke tafiya a lokacin shi ne kayan ƙamshi na suya, wuƙaƙe, robobin ajiye nama da manyan tukwane. Yadin da ya rage miki kuma kada ki karyar da shi da asara washegarin Idi, domin Shawwal cike yake da ɗaurin aure, masu neman anko na tafe. Ki sayi littafi mai bango, ki rubuta sunan duk wadda ta saya, unguwarta, abin da ta ɗauka da ranar watan. Idan Sha'aban na baɗi ya kama, su za ki fara tura wa hoto ɗaya bayan ɗaya, da gaisuwa da tambayar yara, kafin ki sa wa kowa.