Kurakuran da aka fi yi wajen sayen cuku, busasshen nama da man zaitun na Italiya

Kayan abincin da ƙananan masu sana'a ke yi a Italiya suna da tsada, ko a kantin Milan ka saya ko a manyan kantunan Abuja. Yawancin asarar da ake tafkawa a kansu daga abu biyu take: sayen suna ba tare da karanta rubutun bayan kwali ba, da kuma ajiye su kamar kayan gwangwani, alhali yawancinsu gishiri da daɗewa ne kawai ke tsare su.

Mu fara da nama, don nan kuskure ya fi ciwo ga Musulmi. Kusan duk abin da Italiyawa ke kira salumi naman alade ne: prosciutto, salame, pancetta, guanciale, coppa, speck. Mortadella ce ta fi yaudarar mutane, saboda wanda ya saba ganin ta saniya ko ta kaza a kantunan ƙasashen Larabawa sai ya ɗauka ko'ina haka take. Ta asali, wadda ake kira Mortadella Bologna, alade ce zalla. Kalmomi huɗu sun isa su tsare ka: suino da maiale alade ne, strutto kitsen alade ne da ake sa wa wasu burodi kamar piadina, vino kuwa giyar inabi ce.

Na saniya shi ne bresaola, wanda aka fi sani daga kwarin Valtellina a lardin Sondrio, can arewacin ƙasar. A nan ma ana yin kuskure biyu. Na farko, ganin naman saniya ne sai a saki jiki, a manta cewa ba lallai yankan Musulunci ba ne, kuma wasu masu yinsa suna sa giyar inabi cikin haɗin gishirin. Nemi hatimin halal, ka karanta jerin kayan haɗi. Na biyu, a ga launinsa ja sai a jefa shi a kasko. Kilishi ana kanga shi a wuta bayan ya bushe, bresaola kuwa gishiri da iska ne ke gama shi cikin makonni, kuma a haka ake ci. Suya mayar da shi take yi tamkar fata, gishirin ya fito fili. A yanka shi siriri sosai, a ɗiga man zaitun da lemun tsami, shi ke nan.

A wajen cuku, babban ruɗu shi ne ɗaukar duk abin da aka rubuta wa Parmesan a matsayin Parmigiano Reggiano. Na gaskiya a wurare biyar kaɗai na arewacin Italiya ake yinsa: Parma, Reggio Emilia, Modena, da wani sashe na Bologna da na Mantova. Kayan haɗinsa uku ne, madarar shanu ɗanya, gishiri, da caglio, wato abin daskarar da madara. Dunƙule ɗaya mai nauyin kilo 40 yana cin madara wajen lita 550, kuma ba a sayar da shi da wannan suna sai ya yi aƙalla wata 12. A shekarar 2008 kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da cewa kariyar sunan ta haɗa har da kalmar Parmesan, amma a wajen Turai, musamman Amurka, kowa na iya buga ta a gwangwanin garin cuku. Maganin wannan mai sauƙi ne: sayi gutsure mai ɓawo, ka duba sunan da aka rubuta da ɗigo-ɗigo a jikin ɓawon, da hatimin DOP mai launin ja da rawaya, wato alamar Tarayyar Turai da ke tabbatar da asalin kaya. Ka goge shi da hannunka lokacin da za ka ci. Wanda aka riga aka goge ƙanshinsa ya tafi tuntuni.

Shi caglio ɗin, abin da ke daskarar da madara ne, kuma daga cikin ɗan maraƙi ake cire shi. Na Pecorino Romano, wanda madarar tumaki ce, daga ɗan rago ake samu. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa idan dabbar ba yankan Musulunci ba ce, don haka wannan tambaya ce ta malaminka. Mai son kauce wa shubuha ya nemi cukun da aka rubuta wa caglio vegetale ko caglio microbico. Wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai kuma ya sani cukun Grana Padano yawanci yana ɗauke da wani sinadari daga farin ƙwai.

Akwai masu zubar da tsohon Parmigiano don sun ga fararen tsaki a cikinsa, suna zaton lalacewa ce. Alamar daɗewa ce, kuma ita masana ke nema. Ɓawon ma ba a shafa masa kakin zuma ba. A kankare shi a jefa cikin miya, yana ba da ɗanɗano. Abin da ke lalata cuku da gaske shi ne ɗaure shi tamau a leda, ya yi gumi, funfuna ta kama shi. A naɗe shi a takardar gashin burodi, a sa a roba mai murfi, a ajiye a ɓangaren kayan lambu na firiji. Inda ake yawan ɗauke wuta, gara ka tsaya kan mai tauri. Mozzarella ta madarar ɓauna daga Campania kwanakinta kaɗan ne, a cikin ruwanta take zama, kuma ni dai ban ga amfanin sayenta ba bayan ta yi doguwar tafiya.

Man zaitun kuma zafi da haske da iska ne maƙiyansa, amma sai ka ga kwalba a gefen murhu wata da watanni, wai ana tattalinta. Tsufa ba ya ƙara masa komai. Duba shekarar girbi, ka ƙarar da shi da wuri, ka ajiye shi a kabad mai duhu. Ɗaci da yajin da ke kama maƙogwaro ba aibi ba ne, shaidar sabon mai ce. Tutar Italiya a kwalba ma ba hujja ba ce, don sau da yawa ƙaramin rubutu a baya yana faɗin cewa gauraye ne daga ƙasashen Turai daban-daban.

Haka khal ɗin balsamico. Mai kalmar Tradizionale daga dafaffen ruwan inabi kaɗai ake yinsa, yana shekara 12 a ganga ko ma 25, a 'yar kwalbar mililita 100 ake sayar da shi, kuma ɗigo ake yi a kan abinci bayan an sauke. Mai hatimin IGP, wata alamar kariyar suna ta Tarayyar Turai, kwana 60 ya ishe shi, an haɗa shi da khal ɗin giyar inabi, shi ne na kwaɗon ganye da girki. Idan ka ga rabin lita a farashi mai sauƙi, na biyun ne a hannunka.