Yadda za ka taimaki yaro ya iya karatu ba sai da bulala ba

Ni dai ina koyarwa ne a wata firamare a ƙauyen Ringim, kuma kukan da iyaye suka fi kawo min shi ne, "Malam, yaron nan kansa ba ya ja, shekara biyu a makaranta ko sunansa bai iya karantawa ba." To ku saurara. Magana yaro a tsakar gida yake tsintarta ba wanda ya zaunar da shi, amma karatu ba haka yake ba, shi kansa rubutun shekararsa 5,000 ne da 'yan kai a duniya, ba a haifar mutum da shi sai an gina masa. Wani masani ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa sun yi ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga wani ɗan wuri a ɓangaren hagu can baya ta ƙasa, wanda in mutum ya koyi karatu shi ne ke gane haruffa ya miƙa su ga wuraren da ke kula da sautin magana. Hanyar da ke tsakanin nan ita za ka share wa yaro.

Saboda haka da kunne za ka fara. Kuna zaune kuna ɓarar gyada, ka ce, "Ɗan baba, kawo min abin da ya fara da mmm," zai ce masara, mage, madara, in ya ce tumaki ku yi dariya ku wuce. Sai ku riƙa tafawa, ma-sa-ra tafi uku, ge-ro tafi biyu. In ya kama wannan sannan ka nuna masa harafin, kuma don Allah ka faɗi sautinsa, waƙar e-bi-si ɗin nan yaro zai haddace ta tas amma ka rubuta masa "kaza" ya tsaya yana kallonka. Mu Hausa ma an yi mana sauƙi, ba be bi bo bu, abin da ka gani kusan shi za ka furta. Ka ba shi tsinke ya zana a ƙasa ko gawayi a bango, abin da hannu ya zana ido ya fi saurin gane shi.

Sai maganar b da d, nan ne aka fi cin zalin yara. Ni kaina na taɓa zane wata yarinya don ta rubuta "dada" a maimakon "baba", har yau abin na damuna. Akuya ko gabas ta kalla ko yamma akuya ce, haka ƙwaƙwalwa ta saba gani tun yaro na goye, sai ga shi rana ɗaya an ce masa in tumbin ya koma dama harafi daban, in ya koma hagu daban, ga kuma ɓ da ɗ da lanƙwasarsu, ga allo da asuba yana bi daga dama, boko da hantsi daga hagu. Ka koya masa b ita kaɗai har ta zauna, bayan kwana biyu ka kawo d. Yawancin yara suna bari da kansu wajen shekara 7 zuwa 8.

Minti 10 ko 15 kullum ya isa. Ya sha kokonsa kafin ya fita, ya kuma samu barci, ɗan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12 yake buƙata, a barcin ne abin da ya koya yake zama, ba a bar shi gidan kallo har sha ɗaya ba.

In kuma an yi ta yi, yaro ga wayo ga surutu amma haɗa baƙi ya gagara, kar ka ce aljanu ne ko daƙiƙanci. Ka kai shi asibiti a duba ido da kunne tukuna, musamman in kunnen yana ruwa. In lafiya lau suke, akwai matsalar da likitoci ke ce wa disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa, ka samu malaminsa ku koma kan sauti a hankali, harafi ɗaya ɗaya, a mai da shi bencin gaba.