Yadda Ake Zagaya Tafkin Luzern Da Duwatsunsa Cikin Kwana Uku

Tafkin Luzern yana tsakiyar ƙasar Suwizalan, a gindin duwatsun Alps. Girmansa murabba'in kilomita 114 ne, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 214. Ba zagayayye ba ne kamar faranti. Ya miƙa hannuwa cikin lungunan duwatsu, har in kana cikin jirgin ruwa sai ka ɗauka an zo ƙarshe, ana shan kwana kuma wani sabon ruwan ya buɗe. A taswira za ka ga an rubuta Vierwaldstättersee, wato tafkin tsoffin jihohi huɗu da suka kewaye shi: Uri da Schwyz da Unterwalden da Luzern.

Mataki na farko: lokaci da takardu

Ka nufi tsakanin watan Yuni da Satumba. A lokacin ciyawa ta yi shar, jiragen ruwa na zirga-zirga sosai, hanyoyin kan dutse kuma ƙanƙara ta sake su. Bizar Schengen ake shiga ƙasar da ita, amma kuɗinsu faran ne na Suwizalan, ba yuro ba. Daga Zurich jirgin ƙasa zai kai ka Luzern cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba.

Kafin ka sayi tikitin komai, duba Swiss Travel Pass. Akwai na kwana 3, 4, 6, 8 da 15. Da shi kake hawa jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa ba ƙarin ko sisi, ka hau dutsen Rigi kyauta, a yi maka ragin rabin kuɗi a dutsen Pilatus. Yana da tsada, amma sayen tikiti ɗai-ɗai a ƙasar nan ya fi ƙona aljihu.

Mataki na biyu: bar sama ta tsara maka kwanakin

Nan ne yawancin baƙi ke tafka kuskure, ni ma na tafka. Na tsara tun daga gida cewa ranar Talata zan hau Pilatus, Talata ta zo da hazo, na ce ai na riga na ƙudurta. Na biya kuɗi, na hau, na tsaya a ƙololuwa ina kallon farin bango. Ko mutumin da ke gabana da taku goma ban iya gani. Shayi na sha na sauko.

To, ga yadda ake yi. Ka ware kwana uku: ɗaya na gari, ɗaya na dutse, ɗaya na ruwa, amma kada ka ɗaure kowanne da rana. Kowace safiya, kafin ka karya, buɗe manhajar hasashen yanayi ta MeteoSwiss, sannan ka duba kyamarorin da ke kan Rigi da Pilatus a intanet, suna nuna yadda saman yake a daidai lokacin. Ranar da ka ga garau, ranar dutse ce, ko me ka shirya ajiye shi. Wani lokacin ma akasin haka ake samu: gari ya lulluɓe da hazo, saman dutse kuwa rana tar, girgije na ƙarƙashin ƙafarka kamar an baza auduga. Kyamarar ce kaɗai za ta gaya maka.

Mataki na uku: ranar gari

Da ƙafa ake yin ta. Daga tasha ka nufi Kapellbrücke, gadar katako mai rufi da ta ƙetare kogin Reuss a karkace. Tun ƙarni na 14 take, tsawonta ya ɗan haura mita 200. Kana tafiya ka riƙa ɗaga kai: a ƙarƙashin rufin akwai zane-zane masu kusurwa uku na ƙarni na 17 da ke ba da tarihin garin. Gobarar watan Agustan 1993 ta cinye mafi yawansu, aka sake gina gadar aka buɗe a 1994, aka bar wasu allunan a ƙone baƙi ƙirin don a riƙa tunawa. Hasumiyar da ke jikinta ta taɓa zama kurkuku, ta taɓa zama baitulmali.

Daga nan sai wurin zakin da aka sassaƙa a jikin dutse a 1821, kwance da karyayyen mashi a jikinsa, don tunawa da sojojin Suwizalan masu gadin sarkin Faransa da aka kashe a Paris a 1792. Minti ashirin ya isa. In da sauran ƙarfi, hau ganuwar Musegg mai hasumiya tara ka hango gari da tafki gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: ranar dutse

Dutse ɗaya a rana, kada ka haɗa biyu. In da yara ko dattijo a tafiyar, Rigi ya fi. Ka shiga jirgin ruwa zuwa Vitznau, kimanin awa ɗaya, ka sauka ka hau jirgin ƙasa mai haƙoran kama dogo don hawan dutse, wanda aka buɗe a 1871, shi ne na farko irinsa a Turai. Cikin rabin awa ya kai ka kusa da ƙololuwa, mita 1,798. Pilatus ya fi tsayi, ya haura mita 2,100, kuma jirginsa da ke tashi daga Alpnachstad tun 1889 shi ya fi kowane jirgi mai haƙora a duniya miƙewa tsaye, gangararsa ta kai kashi 48 cikin ɗari. Mai jin jiri kada ya zauna gefen taga. Jirgin ba ya aiki da hunturu.

Ka tafi da rigar sanyi ko da gumi kake a bakin tafki, don duk mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Wanda ya san sanyin Mambila ya ɗan ɗanɗana. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba.

A Rigi ka sauko da ƙafa daga ƙololuwa zuwa Kaltbad, hanya ce mai sauƙi, ta cikin makiyaya. Alamar hanya launi ce: rawaya ta kowa ce, fari da ja ta wanda ya saba hawa, fari da shuɗi kuwa ba taka ba ce. Za ka ji ƙararrawar shanu tun kafin ka gan su. Makiyayan nan suna hawo da garke dutse da bazara, su sauko da shi wajen Satumba an yi wa shanun ado da furanni, abin da duk wanda ya san tashin Fulani zuwa mashekari zai gane nan take. Sai dai kada sabo da shanun gida ya ruɗe ka: saniya mai ɗan maraƙi ba ta wasa, ka ba ta tazara. Duk ƙofar shinge da ka buɗe, ka rufe. Wanda kuka haɗu a hanya ka ce masa “Grüezi”, ita ce sannunsu. Lambar masu ceto a dutse 1414 ce.

Mataki na biyar: ranar ruwa

Ka nemi jirgin da zai kai Flüelen, can ƙarshen tafkin, tafiyar kusan awa uku. A jadawali ka zaɓi mai tururi. Biyar ne, mafi tsufansu, mai suna Uri, tun 1901 yake aiki. Tsakiyar jirgin a buɗe take, kana leƙawa ka ga manyan ƙarafan injin suna juyawa suna sheƙi da mai, ma'aikaci na bi yana shafa su da tsumma. Saman bene na masu tikitin aji na ɗaya ne, in naka na biyu ne zauna ƙasa ko ka cika kuɗi.

Bayan Brunnen tafkin ya tsuke, duwatsu suka miƙe daga cikin ruwa kamar garu. Sauka a Rütli. Fili ne kawai na ciyawa da tuta, amma nan ne, bisa labarin da suka gada, mutanen Uri da Schwyz da Unterwalden suka yi rantsuwar tsaya wa juna. Takardar ƙawancensu ta farkon watan Agustan 1291 tana garin Schwyz, wanda daga sunansa ƙasar ta samo nata, kuma saboda takardar ne 1 ga Agusta ta zama ranar ƙasa. Kafin ka haura filin, duba lokacin jirgi na gaba. Daga Flüelen ka dawo ta jirgin ƙasa.

Ci da sha da salla

Ruwan famfunan kan titi na sha ne, sai inda aka rubuta “Kein Trinkwasser”; riƙe gora. Abincin rana ka saya a manyan kantuna irin su Migros ko Coop, gidan abinci sai ka shirya. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, ban da na tashar jirgi. Fondue, narkakken cukun da suke alfahari da shi, da giya ake haɗa shi. Älplermagronen, taliya da dankali da cuku da soyayyar albasa, yana da daɗi, amma sau da yawa akan sa naman alade. Kalmar “Speck” ko “Schinken” in ka gani a takardar abinci, ka ce a cire, ko ka nemi kifin tafkin. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai, don haka ka saita manhajar salla a kan Luzern tun daga filin jirgi, ka jefa ƙaramar darduma a jakar da ke bayanka.