Yadda ake gudanar da aikin ejan na fiton kaya a Kano

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ya sari kaya a ƙasar Sin ko Dubai ba shi da lokacin bin ofisoshin da kayansa za su ratsa kafin su iso sitonsa, shi ya sa yake damƙa amanarsu ga ejan. Duk mai son koyon wannan sana'a ya sani tun farko cewa mafi yawan aikin a kan takarda yake, kuma ana fara shi tun kaya ba su bar hannun mai sayarwa ba.

Matakin farko shi ne ka zauna da mai kaya ka yi masa tambayoyi filla-filla, ko da ya nuna gajiya. Ka ce masa, "Alhaji, mene ne ainihin kayan, da me aka yi su, dila ko katan nawa ne, kuma yaushe kake son su shiga kasuwa?" Dalili kuwa shi ne kowane irin kaya yana da lambarsa a kundin harajin kwastam, wadda ake kira lambar HS, kuma ita ce ke nuna ko za a biya kashi 0, 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari bisa tsarin harajin bai ɗaya na ECOWAS. Yadin auduga da yadin roba ba lambarsu ɗaya ba, ko da a ido sun yi kama. A wannan zaman ne kuma za ka duba jerin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su, domin idan kaya haramtattu suka hau jirgi, babu dabarar da za ta cece su.

Daga nan sai takardu. Mai kaya yana buƙatar lambar biyan haraji, sannan a buɗe masa Fom M, wato takardar bayyana kayan da za a shigo da su, ta hannun bankinsa, tare da takardar farashin da mai sayarwa ya aiko da takardar inshora daga kamfanin cikin gida. Kayan da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke sa wa ido suna buƙatar shaidar inganci ta SONCAP, abinci da magunguna da kayan shafe-shafe kuwa sai da izinin NAFDAC. Bayan an yi lodi za a turo maka takardar lodin jirgi, da takardar farashi ta ƙarshe, da jerin abin da ke cikin kowane katan, kuma da su ne kwastam za ta fitar da PAAR, wato rahoton ƙiyasin da ake lissafa kuɗin fito a kansa. A nan ƙwarewar ejan take bayyana. Ka shimfiɗa takardun gaba ɗaya, ka gwada sunan mai kaya, da adadi, da nauyi, da bayanin kaya, da lambar kwantena, ka tabbata bakinsu ya zo ɗaya. Idan wata ta ce katan 400, wata ta ce 420, ka sa a gyara tun jirgi yana kan ruwa, domin gyaran da ake yi bayan kaya sun sauka yana cin kwanaki, kwanakin kuma kuɗi ne daga aljihun mutumin da ya yarda da kai. A ganina, wanda ba zai iya haƙurin wannan duba ba bai kamata ya karɓi kayan kowa ba.

Zaɓen hanya yana tafiya da awo. Kayan da ake gaggawarsu, ko masu tsada marasa nauyi, sun fi dacewa da jirgin sama zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, amma kamfanonin jirgi suna cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da nauyin girma. Ana samun na biyun ne idan aka ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, aka raba da 6,000. Katan mai santimita 60 da 50 da 40 zai tashi kilo 20, ko da sikeli ya nuna 12, kuma gara mai kaya ya ji wannan daga bakinka kafin ya gani a rasit. Kada ka taɓa ɓoye batiran waya ko turare a cikin wasu kaya, domin suna cikin abubuwa masu haɗari da ke da dokar ɗauka ta musamman. A jirgin ruwa kuwa, kwantena mai ƙafa 20 tana da cikin da ya kai kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kimanin 67. Ƙananan 'yan kasuwa sukan yi haɗaka a kwantena ɗaya, kuma a irin wannan sai ka sa alama da lamba a jikin kowane katan, ka ajiye kwafin jerin a wurinka.

Yawancin kayan Kano ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas suke sauka. Kamfanin jirgi da tasha suna ba da 'yan kwanaki kyauta, bayansu sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum, saboda haka ka kammala biyan fito da neman ranar duba kaya da wuri. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a 2023, ta ba da damar a kammala aikin kwastam a nan gida, muddin an tsara hakan a takardun lodi tun daga can. Ranar dubawa ka tsaya da kanka ko ka tura wakilin da ka amince da shi, ka gwada lambar hatimin kwantena da ta takarda kafin a fasa, ka ɗauki hoto. Ka karɓi lambar tirela da ta wayar direba, ka riƙa bibiyarsa a tafiyar Legas zuwa Kano da ta kai kusan kilomita 1,000, sannan kada ka manta da mayar da kwantena bayan an sauke, domin ita ma kwanakinta ƙirgawa ake yi.

Masu fitar da riɗi, zoɓo ko citta daga kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje suna buƙatar rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, da Fom NXP ta banki, wato takardar bayyana kayan da za a fitar, da shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona. Ka duba bushewar kaya kafin lodi, domin danshi a rufaffiyar kwantena yana jawo fumfuna.

Game da izini, majalisar kula da sana'ar jigilar kaya ta CRFFN da aka kafa da dokar 2007 ita ce ke rajistar masu wannan sana'a, shigar da takardu a kwastam kuwa sai da lasisin hukumar, don haka mai farawa ya fi kyau ya zauna ƙarƙashin kamfani mai lasisi. Za a zo maka da roƙon a rage farashi a takarda ko a sauya sunan kaya don fito ya yi sauƙi. Ka ƙi cikin ladabi, ka bayyana cewa abin da ke biyo baya shi ne tara, ko ƙwace kaya, ko rasa lasisi. Lissafin da za ka miƙa wa mai kaya ya zama a rubuce, kuɗin fito daban, na tasha daban, na mota da 'yan dako daban, la'adarka daban, kowanne da rasit ɗinsa a manne.