Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Makaman Dakaru a Yaƙin Salibiyya

Duk mai rubutu ko zane a kan yaƙe-yaƙen Salibiyya, waɗanda Kiristocin Turai suka soma a 1096, ya kamata ya fara da gyara kuskuren rataya wa kowane dakare takobi. Takobi kaya ne mai tsada, na barade da masu hali. Talakan da ke tafiya a ƙasa mashi ne makaminsa, sai garkuwa, sai gatari ko wuƙa idan ya samu. Dokar makamai da Sarki Henry na II ya kafa a Ingila a 1181 ta wajabta wa ɗan gari mai 'yanci rigar lifidi da hular ƙarfe da mashi, ba ta ko ambaci takobi ba.

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi muni, shi ne lulluɓe dakare da farantan ƙarfe daga kai har ƙafa, alhali irin wannan shiga ba ta bayyana ba sai bayan faɗuwar birnin Akka a hannun Musulmi a 1291. Sulke ne kariyar mai kuɗi, lifidi kuma na kowa, kuma bai kamata a raina lifidin ba. Ibn Shaddad, alƙalin rundunar Salahuddin, ya gani da idonsa a hanyar Arsuf a 1191 yadda dakarun Faranji, wato Kiristocin Turai, ke tafiya da kibau har goma kafe a bayansu, ba tare da sun fita daga sahu ba.

Akwai kuma masu cewa tun da majalisar Coci ta haramta bakan ƙafa, wato bakan da ake takawa da ƙafa kafin a ɗana shi, a 1139, an daina amfani da shi. Haramcin ya hana a harbi Kirista da shi ne kawai, kuma ko shi ba a kiyaye ba. Wannan baka yana da jinkiri, shi ya sa a Yafa a 1192 Sarki Richard na Ingila ya durƙusar da masu mashi a gaba, gindin mashinsu a kafe a ƙasa, ya jera maharba bibbiyu a bayansu, ɗaya na harbi ɗaya na ɗanawa.

A ɓangaren Musulmi ma, a daina zana lanƙwasasshen takobi a kowane hannu, domin a ƙarni na 12 miƙaƙƙen takobi ne ya fi yawa a Sham da Masar.