Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran tsohon filin wasan besbol

A watan Afrilun 1998, sa'o'i kaɗan kafin a fara wasan besbol (wasan bugun ƙwallo da sanda), wani ƙarfe mai nauyin fiye da kilo 200 ya ɓalle daga benen tsohon filin Yankee da ke New York, ya faɗo kan kujera. Allah ya tsare, ba kowa a wurin. A 2004 kuma gutsattsarin kankare suka riƙa faɗowa a filin Wrigley na Chicago, wanda aka buɗe tun 1914, har sai da aka ɗaura raga a saman 'yan kallo.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne shafe ɓarna da siminti ba tare da an bi sawun ruwa ba. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna ratsa tsagar kankare su kai ga rodi. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. A garuruwa masu tsananin sanyi irin Chicago da Boston, ruwan da ya shiga tsagar yakan daskare ya ƙara buɗa ta kowace shekara. Wanda ya liƙe wurin ya shafa fenti, ɓoye ciwon kawai ya yi. Gyaran gaskiya shi ne a fasa har bayan rodin, a kankare tsatsar, a auna kaurin da ya rage, a ƙara sabo inda ya ci, sannan a shimfiɗa abin hana ruwa a saman matakalan zama, a gyara magudanai. Masu filin Fenway na Boston, ginin 1912, sun kwashe shekaru suna cire kujeru sashe-sashe a lokacin hutun wasa don wannan aikin, kuma a ganina nan ne kuɗin gyara ya fi cancantar zuwa, ko da yake ɗan kallo ba zai taɓa gani ba.

Sai dogaro da tsohon zanen gini. Filin da ya shekara ɗari ya sha ƙari: benen Wrigley a 1927 da 1928 aka ɗora shi, kujerun bayan fili kuma a 1937. Abin da ke takarda ba lallai ya zama shi ne a ƙasa ba. Injiniya ya auna da kansa, ya yanki samfurin ƙarfen a gwada, domin ba kowane ƙarfen wancan zamani ke karɓar walda ba.

Ana kuma ɗora wa gini sabon nauyi, manyan allunan bidiyo, fitilu da shagunan abinci, a manta da harsashi. Allo mai faɗi yana tare iska, ƙarfin kuma ginshiƙi ne zai kai shi ƙasa. A fara ƙarfafa tushe kafin a ɗora komai.

Tsohon tubali ma ba ya son kwaɓi mai ƙarfin siminti. Tubalin ne zai fashe. A yi kwaɓi mai laushi irin na asali.

Akwai wanda ake bari sai ƙarshe: masu keken guragu. Gyaran Wrigley ya ɗauki daga 2014 zuwa 2019, amma a 2022 gwamnatin Amurka ta kai ƙungiyar Cubs, wadda ke wasa a filin, kotu kan wuraren zaman naƙasassu. Gangara da lifta suna buƙatar gurbi a cikin lissafin ginshiƙai tun a zanen farko.