Yadda za ka lallasa amininka a fili, ku kuma sha shayi tare

Shekara goma sha huɗu ke nan ina horar da yaran wata kwaleji ƙwallon ƙafa a Agege, kuma duk tsawon lokacin nan babu mahalukin da ya hana ni barci kamar aminina da ke horar da wata kwalejin a wajen Idi-Araba. Ni Bakano ne, shi Bazazzagi, ka ga tun kafin a haife mu kakanni sun raba mana aiki: ya tsokane ni, in rama. Tare muka yi kwas ɗin horarwa a cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Surulere, muna karo-karon kuɗin danfo. Ranar sunan 'yata ta fari shi ya riƙe ƙafar rago. Amma mun taɓa yin wata bakwai ko sallama ba ta haɗa mu. Ƙananan kociyoyi kan tambaye ni yadda muke yi har yanzu ba mu rabu ba, to ga abin da na sani, mafi yawansa da kuskure na koye shi.

Da zarar an fitar da jadawali kun ga za ku haɗu, ku ajiye waya. Mu mako guda muke yi. In an gamu a masallaci ko wurin ɗaurin aure a gaisa, a tambayi iyali, shi ke nan. Abin da ya jawo dokar kuwa, wata shekara ana jibi wasa ya kira ni da daddare, muka yi hirar tsadar haya da cunkoson Oshodi, can a ƙarshe ya ce, "Koci, ya jikin golanka? Na ji an ce bai ji daɗi ba." Ni da bakina na ce da sauƙi, wuyan hannun ne kawai bai gama saki ba. Ranar wasa yaransa ko cikin da'ira ba su damu su shiga ba, daga nesa suke ta ɗirka masa ƙwallo, biyu suka shige. Da na yi masa ƙorafi sai ya ce ai dubiya ya yi, kuma akwai lada. Wanda ya san muryarka shekara da shekaru, ko shirunka ya ji ya san me ake ciki.

In an hura usur, ka buga da dukan ƙarfinka. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Yaranka sun yi wata uku suna gudu tun asuba, wasu da gari da ruwa a cikinsu, ba ka da ikon ka yi kyauta da guminsu don kana jin kunyar wani. Shi ma in mutumin kirki ne ba ya son tausayinka. Na taɓa cin sa huɗu ba ko ɗaya kafin hutun rabin lokaci, sai na cire 'yan gabana biyu na sa ƙananan yara, a ganina na yi masa kara. Wannan ya fi cin ƙona masa rai. Ya ce da na ƙara masa huɗu da ya fi masa, don yanzu duk Idi-Araba za a ce 'yan bencina ma sun ishe shi. Tun daga ranar, in zan yi canji sai don gajiya ko rauni ko kati, kuma kowa ya ga dalilin.

Wani yaro da na horar, wanda yanzu yake karatu a Amurka, shi ya fara ba ni labarin wasu kociyoyin jami'a biyu na can, a irin ƙwallonsu da ake runguma a ruga da ita. Woody Hayes na jami'ar Ohio State ya horar da Bo Schembechler tun yana ɗan wasa, daga baya ya ɗauke shi mataimaki. A 1969 Bo ya karɓi Michigan, babbar abokiyar hamayyar maigidansa, kuma a karon farko ya doke shi 24 da 12, ya katse masa nasara 22 da ya jero. Sau goma suka kara zuwa 1978: yaro ya ci biyar, maigida huɗu, canjaras ɗaya. Woody ko sunan Michigan ba ya son kamawa, sai dai ya ce makarantar can ta arewa, abin da ya ba ni dariya don mu ma a Legas kusan haka ake kiranmu. Babu wanda ya taɓa ɗaga wa wani ƙafa a cikinsu. Amma a watan Maris na 1987, Woody yana fama da ciwo ya lallaɓa ya je wata walima a garin Dayton don ya gabatar da Bo ga jama'a. Washegari ya rasu.

Sai babbar magana, wadda ta kusa raba mu. Ci da rashin ci ba sa kashe abotar kociyoyi, kwana uku an manta. Yaro ne ke kashe ta.

Akwai wani bahago da na tsinta yana ɗan shekara goma sha biyu, yana buga ƙwallon roba ba takalmi a gefen layin dogo. Mahaifinsa albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Ni na saya masa but na farko a gwanjo, ni na roƙi shugaban makaranta aka sassauta masa kuɗi, ni na hana shi ɗabi'ar yanke mutum uku sannan ya tsaya jiran na huɗu. Shekara uku ina wannan aiki. Sai mahaifinsa ya tashi daga Agege ya koma Idi-Araba, bayan hutun ƙarshen shekara yaro bai dawo ba. A teburin mai shayi na ji cewa an gan shi da jesin aminina. A teburin mai shayi! Mutumin da ke da lambata, wanda ya san ƙofar ɗakina.

Yanzu da na huce na san yaron ba akuyata ba ce. Ubansa ya tashi, kuɗin mota kullum daga Idi-Araba zuwa Agege ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar da albasa, kuma dole ya shiga wata makarantar. Da aminina ya ƙi shi, wani ne zai ɗauka. Abin da ya ci ni a rai shi ne ban ji daga bakinsa ba. Kuma tunda gaskiya ake faɗa, ni ma na taɓa karɓar wani ɗan bayansa shekara biyu kafin nan, na ce ai yaron ne ya kawo kansa. Shi bai manta ba, ni ne na manta.

Ga yadda muke yi yanzu, kuma ina ba kowa shawarar ya kwafa. In yaron abokinka ya zo maka, kada ka bar shi ya taɓa ƙwallo a filinka, ko atisaye ɗaya, sai ka kira kocinsa a gaban yaron. A gabansa, don ya san ba a bayan fage ake yi ba, gobe ba zai haɗa ku faɗa ba. Ka tambayi dalilin tashinsa daga bakin biyun, domin wanda aka kora saboda sata ko rashin kunya shi ma cewa zai yi nisa ne ya dame shi. Sannan ku je wurin mahaifinsa tare, ku biyu, ku zauna a kan tabarma ɗaya. In akwai bashin jesi ko but, sabon koci ya biya nan take, ko naira dubu biyu ce. Kada a sauya makaranta ana tsakiyar gasa, a bari zango ya ƙare. In kuma wata rana Allah Ya ɗaga yaron, wata ƙungiya ta zo nema da kuɗi a hannu, a tuna da wanda ya saya masa takalmin farko. Wannan ta ƙarshe ku yi ta da shaidu, don na ga inda kuɗin da ko shigowa bai yi ba ya raba mutanen da suka yi shekara ashirin tare.

Maganar 'yan haya kuma ta fi ƙaiƙayi, don kowa ya san kowa. Gasar makarantu a Legas ta fitar da manya, Stephen Keshi da Henry Nwosu duk daga kwalejin St. Finbarr's ta Akoka suka taso, amma ta daɗe tana fama da ƙattin da ake sa wa rigar makaranta ranar wasa kawai. FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009. Mu a matakinmu sai takardar haihuwa da katin makaranta da rajistar aji, sai kuma ido. In ka san abokinka zai sa wanda ya wuce shekaru, kada ka yi shiru ka jira a ci ka sannan ka ruga da takardar ƙara. Wannan tarko ne, kuma ba a ɗana wa aboki tarko. Ka faɗa masa tun kafin a shiga makon ajiye waya. Ni da wasa nake farawa: "Malam, mai lamba biyar ɗin nan naka, jiya na gan shi yana kai 'ya'yansa islamiyya." In ya yi dariya ya cire shi, magana ta mutu. In ya nace, ka gaya masa a fuskarsa cewa za ka rubuta ƙorafi kafin a take wasa, kuma ka rubuta. Sharaɗi ɗaya ne, ka fara duba naka layin. Shi ma ya san wanda ke aske gemu da asuba a cikin yaranka.

'Yan kai-komo kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Duk wanda ya zo ya ce maka "kocin can ya ce", ka ciro waya ka ce bari mu kira shi. Sau ɗaya za ka yi, ba zai sake ba. Kuma kada ka rubuta komai a WhatsApp ko Facebook daren da aka ci ka.

Bayan an tashi, wanda ya ci shi ke tsallaka fili ya je wurin wanda aka ci. Ka miƙa hannu, ka ce sannu da ƙoƙari, ka wuce. Kada ka tsaya yaba masa yaransa, kada ka ce alƙalin wasa ya zalunce shi ko da an zalunce shin, kada ka fara nuna masa inda ya yi kuskure. A wannan lokacin ko addu'a ka yi masa zagi zai ji. Ka hana magoya bayanka bin motarsu da waƙa. Sai ka ba shi kwana uku. A rana ta huɗu mai nasara ke sayen shayi da tsire, kuma wanda aka ci shi ke da ikon buɗe tsokana. In ya zauna ya ce, "Kai Bakano, ko a ƙwallo ma sai kun yi algus," to an buɗe kasuwa, ka sauke masa duk abin da ka tara. In bai buɗe ba, ku yi hirar farashin tumatir ku tashi. Wuri ɗaya ne ba a wasan nan ko kaɗan, gaban shugaban makarantarsa ko iyayen yara. Yawancinmu ba mu da takardar ɗauka aiki mai ƙarfi, magana ɗaya ta raha tana iya cire wa mutum tuwo a baki.

Za a so a ji yadda wata bakwai ɗin nan ta ƙare. Ba ni na yi hankali ba. A watan Yunin 2016, ana cikin azumi, Keshi ya rasu, a cikin mako ɗaya Shu'aibu Amodu ya bi shi. Su biyun nan sun zauna benci ɗaya suna horar da Super Eagles a 2002, Amodu babba, Keshi mataimaki. A watan Oktoban 2014 aka cire Keshi aka ce Amodu ya riƙe, ba a jima ba aka mai da Keshi kujerarsa. Duk juyin nan da hukumar ƙwallon ƙafa ta yi da su, ga shi kwanaki kaɗan ne tsakaninsu. Ana gobe Asabar, dab da shan ruwa, na ji sallama a ƙofa. Aminina ne, da ledar ƙosai da robar kunu, ya sha cunkoso tun daga Mushin har rigarsa ta jiƙe. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Ya zauna ya ce, "Koci, bahagon nan naka ba ya komawa baya ya tare, ya kake yi da shi?" Na ce ai sai ka sa masa ɗan tsakiya mai huhu a bayansa, ka daina ɓata bakinka. Aka kira salla.

Asabar mai zuwa za mu haɗu a filin wasa na Agege, yau kwana huɗu ke nan ba mu yi waya ba. Sai dai dokar ba ta hau kan mata ba. Jiya uwargidansa ta zo wa tawa barka, kuma ina daga tsakar gida ina alwala na ji tana cewa maigidan ya hana su sakat, kullum da daddare sai an dafa ruwan zafi ya tafi gasa wa wani yaronsa mai lamba uku idon sawu. Ni dai ban tambayi kowa komai ba. Da safen nan na mai da yarona mafi gudu ɓangaren dama.